Sisin Kwabo da Farashin Kanti

Kakana ya rasu yana lissafi da fam. Shekara da shekaru bayan canjin kuɗi na 1973, idan aka ce masa an sayi rago naira arba'in, sai ya yi shiru leɓɓansa na motsi, can ya ce, "Fam ashirin ke nan, kai jama'a!" Sai ya mayar da kuɗi gidansu na asali kafin ya san an yi tsada ko an yi araha. A ƙarƙashin gadonsa akwai wani gwangwani da ya yi tsatsa, cike da kuɗin da ba sa sayen komai: kwabbai masu huda a tsakiya, anini biyu ko uku, taro, sisi, da sule mai hoton bishiyar kwakwar manja. In ya ga dama sai ya zazzage su a kan buzu, ya riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran jikokinsa. A gabansa na fara lura cewa kuɗi kan mutu su bar sunansu a raye. Yau ba mai karɓar sisi a hannunka, amma rana ba ta faɗuwa sai ka ji wani ya rantse ba shi da ko sisi.

Kalmar kuɗi ita kanta ta girmi mulkin Ingila nesa ba kusa ba. Jam'in wuri ce: wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Wannan ɗan ƙoƙon na teku daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya aka riƙa kawo shi, daga baya aka ƙara da wani iri mai ɗan girma daga gaɓar Zanzibar, kuma da shi ƙasar Hausa ta yi ciniki tsawon ƙarnoni. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Masu hali da keso suke lissafi, wato jakar kaba mai cin wuri 20,000, wadda ɗaukarta aikin ƙato ne. Wuri ya ɓace daga kasuwa tun kakanninmu na samari, amma har gobe in ɗan jarida yana son nuna yawan kuɗin da aka kashe sai ya ce "wuri na gugar wuri har naira miliyan kaza". Ƙarar da kunnenmu bai taɓa ji ba, bakinmu ya riƙe ta.

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su ɓata lokaci ba wajen juya wa wuri baya. A 1904 aka hana shigo da shi, kuma sannu a hankali aka matsa cewa haraji da jangali da kuɗin ƙarfe za a biya su. Nan ne sabbin sunaye suka kwararo. Fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kwabo goma sha biyu. Kwabo daga kalmar Ingilishi ta jan ƙarfe ya fito, "copper". Sisi daga shida, domin kwabo shida ne, nai daga tara, taro kuwa kwabo uku. Wanda ya san Yarbanci zai ji waɗannan sunaye kusan yadda suke a can, kuma ba mamaki. Bahaushe bai fara jin Ingilishin kasuwa daga bakin ɗan Ingila ba. Daga bakin ma'aikatan da suka biyo kamfanoni daga Ikko da Lakwaja ya ji shi, Yarabawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, bayan kalmomin sun riga sun sha murza a bakin teku. Ta wannan hanya akawu ya iso mana, daga kalmar Yarbanci mai nufin marubuci, haka gwanjo, da ashana, da agogo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutanen kasuwa suka ƙi karɓar lissafin a yadda ya zo. Ɗauki rabin kwabo. Suna biyu aka raɗa masa, kuma kowanne da hikimarsa. Na farko ɗari. Wanda bai sani ba zai yi mamakin yadda ƙaramin kuɗi irin wannan ya sami babban suna, alhali sunan fassara ce: rabin kwabo ya tsaya a madadin wuri ɗari. Canjin ya sha bamban daga gari zuwa gari da shekara zuwa shekara, amma sunan ya daskare a kan wannan ƙima. Tsohuwa mai sayar da daddawa ta karɓi ƙarfen Sarkin Ingila, ta ci gaba da ganin wurinta a cikinsa. Suna na biyu shi ne sisin kwabo. Tunda sisi rabin sule ne, sai aka zare ma'anar shida daga cikinsa aka bar masa ma'anar rabi, aka liƙa wa kwabo. Babu Baturen da zai gane wannan lissafi, domin a harshensa ba shi da kai. A Hausa kuwa daidai yake, har ya zama ma'aunin talauci: ba shi da ko sisin kwabo.

Ƙasa da shi akwai anini, ɗaya bisa goma na kwabo. An fara buga shi a 1907 da gorar ruwa, wato alminiyom, kafin a sauya masa ƙarfe a shekarar da ta biyo baya. An huda shi a tsakiya don a iya zura shi a zare, an yi masa tauraro mai tsini shida, an rubuta ƙimarsa da haruffan Larabci don masu karatun allo. Dalilin buga kuɗi ƙanƙane haka a fili yake: cinikin talaka na goro ɗaya da ƙullin gishiri ne, kuma in ba a ba shi abin da zai maye gurbin wuri a irin wannan ciniki ba, ba zai saki wuri ba. Anini ya bar kasuwa ya koma kafaɗa. Yau in aka ce an ƙara wa ɗan sanda ko soja anini, kowa ya san girma ya samu.

A sama kuma akwai dala, wadda wasu ke kira fataka, sule biyu ke nan. Duka sunayen biyu gado ne daga azurfar da ta riga Ingila zuwa: dala daga dalar Mariya Tariza ta Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, fataka daga wani tsohon sunan kuɗi na Fotugal. Sai jaka, fam ɗari, domin haka banki da kamfanoni ke ƙulle sulalla, dubu biyu a jaka guda. Da naira ta zo, fam ya zama naira biyu, jaka ta zama naira ɗari biyu, kuma an daɗe ana jin dattawa a kara suna ciniki da ita. Ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ka ji yadda kalmomin nan suka bi wani ubangida: a can dala tamma biyar ce ta kuɗin sefa, jaka kuwa dubu. Harshe ɗaya ne, mai mulki ne ya bambanta.

Wannan duk a kan kuɗin ne. Inda na fi son in daɗe shi ne wurin da ake kashe su.

Kafin kanti akwai kasuwa, kuma duk wanda ya duba kalmominta zai san ba jiya aka fara ba. Kasuwa kanta ta hanyar Barebari ta zo mana, tushenta Larabci. Dillali, la'ada, riba, mudu, duk Larabci ne da ya zauna ya zama ɗan gida. Fatoma, mai saukar da baƙin 'yan kasuwa ya adana kayansu ya tsaya musu, daga Borno sunansa ya zo. Sai na hanya: fatake, ayari, zango, jagaba mai gaba, da madugu uban tafiya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ta kai jaki da kanwa da tufafin Kano har Salaga da ƙasar Asante, su komo da goro, tafiyar watanni. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Har sunan Bature ma ba ɗan Ingila ne ya fara amsa shi ba. Larabawan Gadamas da Tarabulus da ke zaune a Kano su ake kira Turawa, shi ya sa unguwarsu a cikin birni take Dandalin Turawa. Mutanen Turai Nasara ake ce musu. Da jirgin ƙasa ya karya cinikin sahara, sai sababbin baƙi suka gaji kasuwar, suka haɗa har da sunan.

A wannan tsohuwar kasuwa, kaya ba su da kuɗi sai an sa musu suna. Mai saye ya ce, "Alhaji, nawa?" Mai kaya ya ce, "Taya, Malam." Ya taya. "Albarka." Ya ƙara. "Albarka dai." Haka za a yi ta ja har a kai inda mai kaya zai ce ya sallama, a yi musafaha, dillali ya karɓi la'adarsa, in abin awo ne a yi gyara. Dubi kalmar da aka zaɓa don ƙin tayi: albarka. Ana ƙin kuɗinka ana yi maka addu'a, domin gobe ma za a haɗu. Kowane ɓangare yana da baki a cikin maganar, kuma kuɗin kaya abu ne da mutum biyu suka haifa tare.

Sai ga farashi. Daga "price" ya fito, kuma ya zo da ɗabi'ar da kasuwa ba ta saba da ita ba. Farashi ba a taya shi. Ta waya yake zuwa daga Liverpool ko Landan, ya biyo ta Ikko, ya iso Kano, manaja ya faɗa wa akawu, akawu ya faɗa wa mai kaya. Wanda ya yanke shi bai taɓa ganin gonar ba, wanda ya noma kuma ba shi da wanda zai ce wa albarka. A ganina duk cikin kalmomin da zamanin ya bar mana babu mai nauyin wannan. Turawa sun tarar da ciniki a ƙasar nan, da bashi, da amana, da attajirai masu wakilai a garuruwa masu nisa. Abin da suka canza shi ne wurin da ake yanke magana.

Gidan farashi shi ne kanti. Asalinsa "canteen", wurin sayar wa soja abinci da abin sha, amma a Arewa Turawa da kansu suka riƙa kiran shagunan kamfanoninsu da wannan suna. Ginin kwano ne a wajen ganuwa, kusa da tashar jirgi, gaba ana sayar da akoko da alawayyo da gishiri da kananzir da tasoshi, baya ana sayen gyaɗa da fata da ƙirgi. Mai kula da wannan yanki na bariki shi ne majistaren da Hausa ta mayar kantoma, sunan da ya rayu har ya koma kan shugaban riƙo na ƙaramar hukuma. Daga kanti muka sami wata sabuwar hanyar raba duniya gida biyu, na kanti da na gida. Zaren kanti da zaren da tsohuwa ta kaɗa da mazari, sabulun kanti da sabulun salo. A hankali "na kanti" ya ɗauki ma'anar mai kyau, mai tsabta, na wayayyu, kuma wannan abu yana ci mini rai in na tuna cewa garin da aka yi wa haka, wato Kano, shi ne wanda turkuɗinsa da sakinsa suka tufatar da mutane har Tambutu da Agadas.

Kamfani kuwa da bindiga muka fara saninsa. Kamfanin George Goldie ya sami takardar izinin sarautar Ingila a 1886, ya zama Royal Niger Company, yana ciniki yana kuma mulki, da sojojinsa da kotunansa da kuɗin fitonsa. A 1897 dakarunsa suka auka wa Bida da Ilori. Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin, Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja, aka biya kamfanin fam 865,000, aka kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin haƙar ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ya ajiye bindiga ya riƙe sikeli. A 1920 Lever Brothers masu sabulu suka saye shi, a 1929 aka haɗe shi da babban abokin gogayyarsa aka sami United Africa Company, UAC da kowa ya sani. Gefensa akwai John Holt na Liverpool, da G.B. Ollivant, da kamfanonin Faransa CFAO da SCOA. Wasunsu sun bar sunansu a ƙasa. Mai hawa mota a Zariya ya ce a sauke shi PZ, ba lalle ya san yana kiran sunan George Paterson ɗan Sikotlan da George Zochonis Bagirke ba, waɗanda suka fara kasuwancinsu a Saliyo. Haka BCGA a Gombe da Funtuwa, haruffan ƙungiyar masu son auduga ta Ingila ce da aka kafa a 1902.

Labarin wannan ƙungiya yana da daɗi a kunnena. Don auduga aka ja layin dogo daga Baro zuwa Kano, ya iso a 1911, ana sa ran Arewa za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Amma masaƙan Kano suna sayen auduga da kuɗin da ya fi na Bature, don haka manomi bai ga dalilin kai tasa kanti ba. Abin da ya kai shi ne gyaɗa, wadda masana'antun Turai ke nema don man girki da sabulu, wadda kuma in farashi ya faɗi a ci ta a gida, a yi ƙuliƙuli. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Manomi ne ya yi wannan zaɓi, da lissafinsa, da harajin da ke jiransa bayan kaka.

Sai dai kamfani ba ya jin Hausa, bai san hanyar ƙauye ba, bai san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Dole ya nemi waɗanda suka sani, kuma ya same su a cikin fataken goro: Umaru Sharubutu, Maikano Agogo, da wanda ya fi su shahara daga baya, Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya yi fataucin goro a Gwalkwas kafin ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa a 1918. Labari ya shahara cewa a 1929 azurfa kayan raƙumi ashirin ya kai ajiya a reshen bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma. Amana da yaran gida da sanin hanya da ya gada daga ayari su ya juya suka zama jarin gyaɗa.

Amma a duba sunayen da tsarin ya tanadar wa ɗan ƙasa. Ajan, akawu, ɗan kamasho, ɗan kwangila, lebura. Kamfani ya ba ajan adibas, ajan ya rarraba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauye da kuɗi da gishiri da yadi tun gyaɗa na ƙasa. A cikin waɗannan sunaye wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne ɗan baranda, mai tare kaya ya saya ya sayar wa na sama da shi. Baranda ba cikin kanti ba ce, ba kuma kasuwa ba ce. Inuwa ce a bakin ƙofar wani. Madugu yana gaban ayarinsa daga Kano har Gwanja, shi ke yanke ranar tashi, shi ke magana da sarakunan hanya. Jikansa mai wayo da jari ya sami wuri a baranda. Jirgin ruwa, da inshora, da kasuwar Liverpool, duk suna bayan wata ƙofa da ba a buɗe masa ba, kuma manyan kamfanoni sun sha haɗa kai su tsayar da farashi guda don kada gasa ta ɗaga shi.

Tsakanin Bature da Bahaushe kuma wasu baƙi suka shigo, mutanen Sham da Labanan, waɗanda muke kira Kwara. Sunan ba shi da haɗi da kogin Kwara. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne na farkonsu sun yi tallar murjani a Ikko suna kiran sunansa da Ingilishi, "coral", Yarabawa suka laƙaba musu, mu kuma muka karɓa. Su suka cika Kantin Kwari da bandir da turamen atamfa kafin 'yan kasuwar Kano su gaje wurin.

Kakana yakan ce sikeli ba ya ƙarya, mai karanta shi ne abin tsoro. Da mudu aka saba, wanda idon mai kaya ke gani ana cika shi har ya yi tozo. Sikeli kuwa allura ce da lambobin boko, mutum ɗaya ne a wurin ya iya karanta su, kuma ba shi ne ya yi noman ba. Ya taɓa ba ni labarin shekarar da ya kai buhunan da ya auna da hannunsa a gida, aka ɗora, akawu ya duba ya faɗi abin da ya faɗa, aka zabge masa wani abu da sunan ƙasa da ɓawo. Na ce, "Baba, ba ka yi magana ba?" Ya ce, "Da wa? Jakin haya ne, kuma mai haraji yana gida yana jira." Ya karɓi rasit ɗin da ba ya iya karantawa ya juyo.

Akwai ma kayan da suka bar ƙasar nan suka rasa sunansu a hanya. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ba ta da ta biyu wajen laushi da ƙarko, ta daɗe tana ƙetare sahara tana shiga Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, can aka san ta da fatar Maroko, ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Da ta koma bin jirgin ƙasa zuwa Ikko ma sunan bai dawo gida ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona daga hannun kamfanoni, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta zama ta Jihar Arewa. Farashi ya tashi daga bakin manaja ya koma bakin hukuma, ana shelarsa a farkon kaka, kamfanoni da manyan attajirai suka zama masu lasin saye. Rarar da ke tsakanin kuɗin da aka ba manomi da na kasuwar duniya ta taru a asusun hukuma, aka yi ayyukan raya ƙasa da wani kaso nata. Manomi dai har yanzu ba a ce masa taya ba. A shekarun nan ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe abin da ake nomawa, buhuna suka yi ta taruwa a Kano ana jera su tsibi-tsibi masu tsini, kowanne buhu dubbai, aka kira su dalar gyaɗa. Bakano ba ya jin wannan suna bai tuna dutsen Dala ba.

A gindin gwangwanin kakana akwai wata dala guda, sule biyu, bugun 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗinsa na farko. Gefe ɗaya kan Sarauniya Elizabeth ne da kambinta. In ka juya ɗaya gefen, shukar gyaɗa ce da ganyenta. Ita ce yake ɗauka daga ƙarshe, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙo mini ya ce in duba da kyau, irin wadda yake shukawa ce a gonar bayan gari.